Ranar da Dada Matta Ta Buɗe Ɗakinta

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban wannan taro, masu unguwanni, malamanmu, dattawan kasuwa, iyayenmu mata da ke zaune can gefe, da dukan jama'ar Bauchi, ina gaishe ku gaisuwar ban girma. Ina godiya ga Allah da ya nuna mana wannan mako na samun mulkin kai, ina kuma godiya da kuka ba ni dama, ni Babayo mai sayar da gishiri da kananzir, in faɗi abin da idona ya gani.

Na farko, kun san jita-jitar da ta cika gari da damina, wai in Turawa suka tafi, gishiri zai tafi, ashana za ta tafi, ko allura ba za a ƙara gani ba. Na ga mai buƙatar mudu ɗaya yana sayen buhu, na ga wanda ba shi da fitila yana sayen garwar kananzir. Ban hana kowa ba, don ciniki nake so, kuma a gabanku nake neman gafarar Allah.

Na biyu shi ne labarin maƙwabciyata, tsohuwa Dada Matta. A shekarar da fara ta cinye amfanin gona, yunwa ta kashe mata 'ya'ya biyu cikin mako guda. Tun daga ranar ba ta sake yar da komai ba. Fasasshiyar ƙwarya, tsumma, gwangwani, dawar bara da ta bara waccan, duk suna cikin wani ɗaki da ta kulle, ita kuwa tana kwana a ɗan tsukukun da ya rage. Ba mu taɓa ganin laifinta ba, domin wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu. Da jita-jitar nan ta zo, kowace ranar kasuwa sai na auna mata gishiri.

Sai ruwan ƙarshen damina ya rushe gidan Zakka kafinta, mutumin Zungur. Matarsa Dorcas ta kwana uku a zauren mutane da yara huɗu, ƙaramin yana tari. Dada ta wuce ta gan su, ta tsaya ta daɗe tana kallon yaron, sannan ta aiko a kira ni.

Ta ce, "Babayo, zo ka buɗe mini ɗakin nan, ka ɗebar musu dawa."

Jama'a, gani ya kori ji. Buhunan sama lafiya lau, amma na ƙasa gara ta cinye su, sai ƙasa da gari. Gishirin da na sayar mata ya sha laima, ya narke ya bi bango. Na ɗauka za ta faɗi. Sai ta zauna a bakin ƙofa, ta ɗebi garin nan a tafin hannu, ta ce, "Shekara talatin ina ciyar da gara, ina ce 'ya'yana nake wa tanadi."

Kafin la'asar ta sa mun fitar da komai. Mai amfani ta rabar, marar amfani ta sa aka ƙone, ta share ɗakin da hannunta. Dorcas ta durƙusa ta ce, "Dada, ke fa, me za ki ci da rani?"

Ta ce, "'Yata, shigo da yaran tukuna. Bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci."

Na ga jarumai, na ga masu kyauta, amma ban taɓa ganin wanda ya ci tsoronsa da yaƙi cikin yini ɗaya kamar tsohuwar nan ba.

Na uku, roƙo ne. An sauke tuta an ɗaga tuta, ga gishiri nan jibge a kasuwa. Kowa ya koma gida ya duba ɗakinsa, ya tambayi kansa: wannan buƙata ce ta saya mini shi, ko tsoro? Mu kuma 'yan kasuwa, kada mu sake cin riba da fargabar 'yan'uwanmu.

Allah ya ja kwanan Dada Matta, ya ba yaron Dorcas lafiya, ya zaunar da sabuwar ƙasarmu lafiya, ya mai da kowa gidansa cikin aminci. Na gode.