Tsawar da Na Ji a Dandalin Rum

Shugaban wannan taro, Ofiliyus wakilin talakawa, iyayenmu 'yan majalisar dattawa, limaman haikali, tsofaffin mayaƙa masu tabo a ƙirji, da ku 'ya'yan birnin Rum da kuka bar shagunanku kuka tsaya a rana: ni Numeriyus, mai kula da kasuwanni, ina gaishe ku, ina gode muku.

Kun ji dokar da Ofiliyus ya kawo. Duk matar auren da aka gani a dandalin nan ranar taro, a raba ta da doguwar rigar matan aure, mijinta kuma ya karɓe makullan gidansa, auren ya mutu ke nan. Ni aka zaɓa in yi magana a kanta, wai gidana ne abin misali. Shekara ashirin da biyu, babu mai cewa ya ga matata Fanniya a nan. Na zo da batu uku. Ina jin uku ne.

Na farko, kakanni. An ce a zamaninsu mace tana gida tana kaɗin ulu, shi ya sa muka ci garuruwa. To, na je na tambayi mahaifiyata, wadda ta girmi kowa a nan. Ta ce, "Kai, rufe mini baki! Da ubanka ya tafi yaƙi shekara tara, wa ya je kotu a kan gonar zaitun? Ulun?" Na dawo ban san ko ta goyi bayan dokar ba ne ko zagina ta yi.

Na biyu... jama'a, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kun sha yi mini tafi a nan. Kun tafa mini ranar hatsi, kun tafa mini ranar magudanar ruwa. Duk waɗannan jawaban, Fanniya ce take tsara mini su. Tana bayan labule tana jin koken masu zuwa gaisuwar safe, in sun watse ta ce, "Wannan ka fara da shi, wancan kada ka taɓa." Masaƙar da kuke gani a zaurenmu kuna yabawa, ƙyalle ɗaya ne a kanta tun shekarar da aka haifi 'yarmu.

Da na kai mata maganar yau, sai ta ce, "Baban Lusiya, so kake in rubuta maka dalilin da zai hana a ji muryata? Ai kuwa daga yau ka daina jin ta. Je ka, bakinka ne."

To ga ni da bakina, kun kuwa ji yadda yake. Ku taya ni tunani, don kaina ya ɗaure. In shirun mace ne ya gina Rum, maganar wa kuke yi wa tafi shekara ashirin? In kuwa maganarta ce ta yi muku daɗi, me ya sa daɗin sai ta biyo ta maƙogwarona?

Na uku. Na uku ya ɓace mini, domin tun da na hau mumbarin nan idona yana kan matakalar haikali. Kada ku waiwaya. To, kun waiwaya. I, ita ce, mai shuɗin mayafi. Yau ta zo, yau ɗin nan. In kuka jefa ƙuri'a kafin rana ta faɗi, gidan farko da dokar za ta shiga nawa ne. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka. Ina jin tsoro, ban ɓoye muku ba, kuma ina son matata.

Ofiliyus, daina yi mini alama da hannu, na gani. Kun san al'adarmu: in mai muƙami ya shaida ya ji tsawa, babu ƙuri'a a ranar, taro ya watse. Sama garau take, ni ma ina da ido. Muƙamina zai tafi a kan wannan, na sani. Amma a rubuta: ni Numeriyus na ji tsawa.

Allolin birni su tsare Rum, su tsare dattawanta da talakawanta, su mai da kowa gidansa lafiya, su sa ya tarar da mai buɗe masa ƙofa. Fanniya, tsaya nan, ga ni nan saukowa.

Na gode.