Lambar da aka kai kotu

Wani kamfanin waje ya maka wata matashiya a kotu saboda lamba. Ina raba shayi a barandar kotun, nan Haidarabad, na ji tana magana da wani tsoho da ke gefenta a benci.

"Kawu, manhajar ciniki na haɗa wa masu shago. Wayoyi biyu sai sun yarda da wata doguwar lamba kafin su kulle sirrinsu, irin wadda ba ta rabuwa sai da ɗaya ko kanta. Wai wadda na ɗauka ta kamfanin ce."

"To ki canza mana, 'yata."

"A shago dubu uku? In alƙali ya ce a dakatar, na gama yawo. Lamba fa! Gobe su ce bakwai ma tasu ce."

"Ba ɗaya ba ne. Wannan, wata huɗu aka yi ana tace lambobi kafin a same ta."

"Ya aka yi ka sani?"

Ya ajiye kofin shayinsa. "Ni na tace musu. Agogon bango suka ba ni tukwici. Yau sun kira ni shaida."

"Me za ka ce, Kawu?"

"Abin da na sa wa hannu: lambar tasu ce."

Shi ya faɗa kuwa, alƙali ya ce a dakatar. Ranar Litinin ta sallami ma'aikatanta tara.