Ku Mayar wa Baba Tanko da Ciwonsa

Assalamu alaikum ɗan'uwa mai gabatarwa, Allah ya ƙara lafiya. Ni ne Haruna, daga wani ƙauye kusa da Hasahisa. Ina gaida duk wanda ke saurarenmu a kwance.

Shekara tara ke nan bayana yana ciwo, tun ina ban ruwa a hawasha, wato gonata. Da farko mutane sun yi ta zuwa dubiya, ana yi mini sannu da "kaffara, kaffara," ana shan jabana, gahawarmu ta nan. Da ciwon ya ƙi ƙarewa, sai kowa ya ɗauke ƙafa. Ban ga laifinsu ba.

Sai kuka kawo wasan kwaikwayonku na ranar Alhamis, mai Baba Tanko, tsohon manomin nan da ke nishi kafin ya zauna. Wallahi nishina ne! Ranar da ya yi sallah a zaune yana jin kunyar mutanen masallaci, matata Hawwa ta juyo ta dube ni, ta ce, "Malam, ashe haka kake ji?" Ni kuwa ban taɓa iya gaya mata ba.

Makon jiya sai ga shi kun kai shi wurin hakim, wato likita, a garin Madani. Allura ɗaya, ya dawo yana rawa a gidan biki. Haba jama'a! Wane irin ciwo ne wannan? Gidanmu kowa ya yi murna, ni kuwa na kashe rediyon.

Ba mugunta nake masa ba, kewarsa nake yi. Don Allah ku mayar masa da ciwonsa, ya ci gaba da lallaɓawa kamar mu. Shi kaɗai ya rage yana zuwa mini dubiya.