Tsakanin Baki da Baƙi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai, wanda Ya ba ɗan Adam harshe kuma zai tambaye shi abin da ya yi da shi. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta da iyalansa da sahabbansa.

Mai girma shugaban wannan zama. Uwarmu shugabar ɗakin karatu, wadda ta ba mu aron wannan zaure. Allah gafarta Malam, limaminmu. Malaman makarantu maza da mata. Maigidana, mai maɗaba'ar da nake cin abinci a cikinta. Malama marubuciya, wadda saboda littafinta muka taru. Iyayena, yayyena da ƙannena masu karatu, har da ku da kujera ba ta kai gare ku ba kuke leƙowa ta taga: assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina godiya ga shugaba da ya ba ni dama, alhali sunana ba ya cikin jerin masu jawabi. Ga wanda bai san ni ba, ni ne mai buga rubutu a maɗaba'ar da ke bayan asibiti. Shekara goma sha tara ke nan ina zaune gaban na'ura ina mayar da rubutun hannu ya zama littafi. Abokan aiki suna kira na Sarkin Ƙugiya, don ba na iya ganin harafin da ya kamata a lanƙwasa masa kai an bar shi a miƙe. Ko allon shago na gani an rubuta ƙofa ba ƙugiya, sai na shiga na yi wa mai shagon magana. Ku riƙe wannan laƙabi, za mu dawo kansa.

Abin da ya tara mu sananne ne. An kawo shawara cewa a sauke littafin Malama, Dodannin Tsaunin Toka, daga kantocin wannan ɗakin karatu, a kuma hana shi shiga makarantu, kuma da an gama jawabai za a ɗaga hannu. Malama ta ce in aka sauke shi, ta ajiye alƙalami ke nan har abada, kashi na biyu da ta gama rubutawa kuwa zai tsufa a cikin akwati. Saboda haka hannun da za ku ɗaga yau a kan alƙalamin mace ɗaya zai sauka.

Da yake na ga fuskokin mutane da dama da suka yi dogon sharhi a kan littafin nan ba su taɓa buɗe shi ba, bari in taƙaita musu, don kada su ji kunya. Labarin wani gari ne a gindin tsauni. A cikin tsaunin akwai dodanni masu fukafukai, jikinsu da ɓawo irin na kada, suna fesa wuta. Duk lokacin da wani a garin ya yi ƙarya ko ya ci naman ɗan'uwansa, sai dodo guda ya ƙara girma. Takobi ba ya kama su, mashi ba ya huda su. Sai wata tsohuwa maginiyar tukwane ta gano cewa ba abin da ke rage musu wuta illa mutum ya tsaya gaban jama'a ya faɗi laifinsa da bakinsa, ya nemi gafarar Allah da yafiyar wanda ya cuta.

Magana ta farko, ra'ayin waɗanda suka karanta. Uwarmu ta ajiye akwatin jin ra'ayi a bakin ƙofa, kuma na nemi izini na karanta takardun da ke ciki, guda ɗari da arba'in da biyu. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce tana karanta wa majinyata babi ɗaya kullum, har wani dattijo ya roƙi likita a jinkirta sallamarsa sai an kai ƙarshe. Wata uwa ta ce yanzu in 'ya'yanta mata suka fara gulmar maƙwabta, ba ta faɗa, sai dai ta ce, "Ku ci gaba, kuna ciyar da dodo." Wani mai walda kuma ya cika shafi biyu yana ƙorafi cewa wutar dodo ba za ta narka ƙofar ƙarfe cikin ƙiftawar ido ba, shi sana'arsa ke nan, a daina raina masa hankali. A ƙasan takardar ya tambayi yaushe kashi na biyu zai fito.

Magana ta biyu, waɗanda suka ce dodo mai fukafukai babu shi, saboda haka littafin ƙarya ne, kuma bai dace a haɗa ƙarya da sunan Allah ba. Ina girmama wannan damuwa, domin daga kishin addini ta fito. Amma kakanninmu sun sa kura da zomo sun yi magana, ba wanda ya ce sun yi ƙarya, kowa ya san da ɗan Adam ake. Kuma ga Malam nan zaune, in na ƙara masa ko kalma ɗaya ya tsayar da ni. Da aka kai masa ƙara cewa ya yi, "Na karanta shi sau biyu ina neman inda aka durƙusa wa wanin Allah, ban samu ba. Abin da na samu shi ne halina a babi na huɗu, kuma ban ji daɗi ba."

Magana ta uku ita ce ta kawo ni, kuma ita ce mai nauyi: shafi na casa'in da uku. Kowa ya ga hotonsa a waya, har waɗanda ba su san launin bangon littafin ba. A nan ne tsohuwa maginiya ta tsaya tsakiyar kasuwa ta ce, "Ku sani, wutar da ke cinye gari daga baƙi take fitowa." Daga baƙi. Waɗanda suka zo wannan gari neman halal suka zauna tare da mu sun ji zafi, kuma suna da gaskiya. Suka ce Malama ta kira su wuta. Wasu daga cikinmu kuma suka yi murna, suka ce dama sun daɗe suna faɗa, ga shi har littafin addini ya tabbatar. Aka rubuta kalmar dodo da gawayi a ƙofar shagon Baba Mai Agogo, baƙon da ya shekara goma sha ɗaya yana gyara mana lokaci. Masu agogo suka zo suka karɓe kayansu ba a gyara ba. Malama kuwa yau mako uku rabonta da kasuwa, don kowane ɓangare yana jiran ta da tasa maganar.

Jama'a, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Malama ba ta rubuta baƙi ba. Ga littafinta na rubutun hannu, na kawo shi, duk mai so ya zo ya duba. Abin da ta rubuta shi ne, "Wutar da ke cinye gari daga baki take fitowa." Baki, wannan da nake magana da shi, wanda Hausawa suka ce shi ke yanka wuya. Ƙugiyar da ta mayar da baki ya zama baƙi, ni na sa ta.

Ba zan laɓe bayan na'ura ba, na'ura ba ta da laifi. Da safe ne, na ci na ƙoshi, idona garau. A shafin da ya gabata an yi maganar baƙin fatake har sau biyu, da na iso wannan layi sai na ce a raina Malama ta manta ƙugiya, bari Sarkin Ƙugiya ya taimaka mata. Ban karanta jimlar don in fahimce ta ba, na dube ta ne don in gyara ta. Garin neman gira na rasa ido. Da na kai wa Malama samfurin bugun don ta duba, lokacin ba a daɗe da yi mata aikin ido ba, sai ta mayar mini da shi ta ce, "Ɗana, kai da ake kira Sarkin Ƙugiya, me zan duba bayan ka?"

Da wuta ta tashi na je gidanta na durƙusa na faɗa mata. Sai ta ce, "Kana da iyali. In maigidanka ya ji, aikinka ya tafi. Ni tsohuwa ce, zagi ba ya tsiro a jiki. Zan ce kuskuren bugu ne, ba zan kama suna ba." Ta faɗa, ba wanda ya yarda, aka ce ai kowa ya ga uwar bari haka yake cewa. Ni kuma na karɓi rufin asirin na koma kan kujerata. Mako uku ina kallo ana jifan ta, ina gaishe da masu jifan. Kuskuren ƙugiya na daƙiƙa ɗaya ne, amma shirun nan na kwana ashirin da ɗaya da gangan na yi shi, kuma shi ya fi ba ni kunya.

Shekaranjiya da hantsi na je shagon Baba Mai Agogo. Na same shi zaune, tabarau a ido, teburinsa wayam, ba agogo ko ɗaya. Na fara kame-kame, sai ya buɗe aljihun tebur ya ɗauko littafin, ya buɗe shafi na casa'in da uku ya miƙo mini. Jama'a, ƙugiyar ba ta nan. Ya kankare ta da ɗan tsinken da yake taɓa cikin agogo.

Na ce, "Baba, wa ya gaya maka?"

Ya ce, "Littafin ne ya gaya mini. Matar da ta sa tsohuwa ta ba baƙin fatake ɗakinta a shafi na casa'in da biyu ba za ta kira su wuta a na casa'in da uku ba. Agogo in ya buga sha uku, ba lokaci ne ya lalace ba, wani haƙori ne ya goce a ciki."

Na ce, "To Baba, ni ne haƙorin."

Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "To ba ni za ka gaya wa ba, yaro. Ka buga littafin, amma da alama ba ka karanta shi ba. A ina tsohuwar ta ce a tsaya a faɗa?"

Shi ya sa kuka gan ni a nan. Maigida, yanzu kake jin wannan tare da kowa, kuma duk hukuncin da ka yanke na karɓa, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Malama, kin ce in yi shiru, yau na saɓa miki, ki gafarce ni. 'Yan'uwana da kuka zo daga nesa kuka zama namu, hannuna ne ya cuce ku, ku yafe mini.

Magana ta huɗu roƙo ce. An buga littafin nan kwafi ɗari takwas. Ɗari uku da suka rage a ɗakin ajiya na bi su ɗaya bayan ɗaya da reza na kankare. Saura ɗari biyar da ke hannunku. Na ajiye tebur a bakin ƙofar nan, zan zauna a kansa yau, zan zauna gobe, zan zauna kullum bayan an tashi aiki har sai na ga kwafi na ƙarshe. Wanda ba zai iya kawowa ba ya aiko, ni zan taka in je. Wanda ya tura hoton shafin a waya, ina roƙonsa ya tura hoton gyaran ga mutanen da ya tura wa na farko, kada ya tsallake ko ɗaya.

Sai dai akwai abin da rezata ba za ta iya ba. Zan iya kankare ƙugiya daga takarda, amma murnar da wasunmu suka yi da suka gan ta, wannan ba ni na buga ta ba, a gida suka zo da ita. Gawayin da ke ƙofar Baba Mai Agogo har yanzu yana nan, don ya ce ba zai wanke abin da ba shi ya rubuta ba. Wanda ya rubuta yana jin muryata, kuma ya san inda ake samun ruwa da soso.

Saboda haka in an ce a ɗaga hannu, ku tuna cewa jimlar da kuke fushi da ita ba ta Malama ba ce, jimlar da ta rubuta kuwa mako ukun nan sun gaskata ta. Kada ku sauke littafi saboda laifin mai bugu. In dole sai an sauke wani, ga ni tsaye. Ku bar wa tsohuwar nan alƙalaminta, mai walda yana jiran kashi na biyu, ni ma ina jira, kuma in aka yarda na buga shi, sai na karanta kafin in gyara.

Allah Ya saka wa shugaba da uwarmu da alheri. Allah Ya ƙara wa Malama lafiyar ido da tsawon rai. Allah Ya mayar wa Baba Mai Agogo da teburinsa cike. Allah Ya ba mu ikon faɗin laifinmu tun muna da numfashi, Ya mai da kowa gidansa lafiya. Ya Allah Ka kame mana bakinmu, Ka tsare mana baƙinmu.

Teburin yana bakin ƙofa. Na gode.