Yadda Aka Tayar da Ɗan Magarya

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma shugaban wannan taro, iyayenmu hakimai da dagatai, malamanmu, likitocin dabbobi da suka amsa gayyatarmu, masu dawaki da mahaya daga Kazaure da Ɓaɓura da Roni da Gwiwa, baƙinmu na tsallaken iyaka, da sauran jama'a maza da mata, ina yi muku barka da zuwa.

Sunana Falalu, ni ƙungiyar masu dawakin sukuwa ta ɗora wa kwamitin duba lafiyar dawaki. Ina godiya ga Allah, ina godiya ga shugabanni da suka ba ni wannan dama. An ce in yi bayani a kan dokar da ta jawo mana ƙorafi tun bara, wato dokin da ake ganin haƙarƙarinsa ba zai shiga fili ba. Zan yi bayanin ne da labarin doki ɗaya, kuma mai shi ya ba ni izini.

Da yawanku kun san marigayi Alhaji Bunu na Kanya Babba, kun kuma san ingarmansa Ɗan Magarya, wanda ya sayo a Nijar. Alhaji ya daɗe yana jinya, hankalin gida ya koma kansa, doki ya ƙare rani a turke yana tauna karan dawa. Da Allah ya yi wa Alhaji rasuwa, ɗansa Halliru ya jawo dokin gabanmu, yana so ya yi sukuwar kaka da sunan mahaifinsa. Muka duba. Wuya ya zama siriri, ƙashin ƙugu ya tsaya, majayin ɗaure sirdi ya kai ramin ƙarshe bai kama ba.

Na ce masa, "Halliru, bana dai ka yi haƙuri."

Ya ce, "Baba Falalu, da mahaifina yana raye, za ku faɗa masa haka?"

Na ce, "Da yana raye da lafiyarsa, ba zai kawo shi haka ba."

Ya ja dokinsa ya tafi ransa a ɓace. Da isarsa gida ya sa aka riƙa cika komin abincin dokin da gero, safe da yamma, don ya nuna mana kafin ranar fili. Niyyarsa mai kyau ce, amma ba a fafe gora ranar tafiya. Ba a jima ba doki ya kamu da ciwon ciki, yana zufa, yana waiwayen cikinsa, yana faɗuwa yana birgima. Mahaifiyar Halliru, Hajja Kaka, ita ta sa aka kira Dokta Ummu Salma, likitar dabbobi da ke zaune a nan tare da mu. Allah ya sa da sauran kwana, dokin ya tashi. Abin da aka yi bayan nan shi ne darasinmu.

Na farko, kafin ka ƙara wa doki abinci, nemi abin da ya ramar da shi. Dokta ta buɗe bakin Ɗan Magarya ta tarar haƙoran ciki sun yi kaifi suna yankar kumatunsa, shi ya sa yake zubar da rabin abin da ya tauna. Ta goge su, ta ba shi maganin tsutsar ciki. Wanda ya zuba hatsi bai duba waɗannan biyu ba, tsutsa yake kiwo, ba doki ba.

Na biyu, cikin doki na ciyawa ne kafin ya zama na hatsi. Aka janye geron nan gaba ɗaya, aka koma ga ciyawa busasshiya mai tsabta da harawar wake da ta gyaɗa, kaɗan kaɗan, sau da yawa a yini. Sai da kashinsa ya daidaita aka fara dusa jiƙaƙƙiya, daga baya gero ɗan tafin hannu, daga baya aka riƙa ɗiga man gyaɗa a kai. Ruwa kuwa ba ya yankewa a gabansa, da ɗan gishirin lasa.

A nan ne aikin ya fi wuya, domin Halliru ɗan kasuwa ne, yau yana gida, gobe yana tsallaken iyaka. Hajja Kaka ta ce a bar mata. Halliru ya ce, "Hajja, wannan ba aikinki ba ne." Ta ce, "Na yi jinyar ubanka da cokali. Shi ma da na ba shi kwano guda lokaci ɗaya, da bai sha ba." Ita ta riƙa awo, ita ta riƙa tsare komi don kada awaki su rigaye shi.

Na uku, dokin da ake kiwo ba a gudu da shi, domin sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Aka rataye sirdi. Da fari ja kawai ake yi da hannu, sannan tafiya da mahayi, sannan sassarfa. Lokacin kaka ya wuce, rani ya wuce, sai da damina ta sauka ya fara kama da dokin da muka sani. Ma'auninmu kuwa ba ɓoyayye ba ne: ka shafa ka ji haƙarƙari a ƙarƙashin hannunka, amma in ka tsaya nesa ba za ka gan shi ba. Ba tumbi muke nema ba, ƙarfi muke nema.

Bana Halliru ya sake kawo shi, muka duba, muka ba shi hanya. Ɗan Magarya ya yi gudu a Ɓaɓura, ya zo na uku. Halliru ya koma gida yana jin nauyin faɗa wa mahaifiyarsa. Ya ce, "Hajja, ba mu zo na ɗaya ba." Ta ce, "Ban tambaye ka wannan ba. Da ya dawo, ya ci abincinsa?" Ya ce ya cinye. Ta ce, "To, ka je ka sa masa ruwa."

Saboda haka, 'yan'uwa, dokar nan tana nan. Wanda muka mayar da dokinsa bana, ba wulaƙanci muka yi masa ba. Ya zo mu zauna da likita, mu tsara masa kiwo, mu haɗu a fili baɗi.

Allah ya jiƙan Alhaji Bunu da sauran magabatanmu. Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya, ya albarkaci gonakinmu da turakunmu, ya sa mu sauke haƙƙin dabbobin da ya ba mu amana, ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Na gode.