Manjan da na ɗura wa Soja

Mai gabatarwa, gaisuwa gare ka da masu sauraro. Ni ne Bitrus mai sayar da taya daga Unguwar Romi. Na tsufa a kasuwa ba a taɓa yi mini wayo ba, sai ga shi na cuci kaina.

Bara na kai karena Soja allura. Likitar dabbobi ta saurari ƙirjinsa ta ce, "Baba, zuciyarsa tana wani huci tsakanin bugu da bugu. Kai shi Zariya wurin ƙwararre a yi masa hoton zuciya." Na ce, "Dokta, ni mai karen ma ba a taɓa ɗaukar hoton tawa ba." Na zaci ciniki take nema wa abokin aikinta.

Bayan wata shida Soja ya fara tari, rannan ya yanke jiki ya faɗi. 'Yan unguwa suka ce guba ce. Na ɗura masa manja kamar yadda muka saba, na je na zage maƙwabciyata Maman Ngozi tas, don ita na zarga, tunda Soja ya taɓa cinye mata kaza. Da na mayar da shi wurin likitar, ta ce babu wata guba, zuciyar ce, ruwa ya cika huhu. Kwana biyu ya mutu.

Jama'a, in kare ya fara tari, haki ko suma, ku nemi ƙwararre. Manja ba ya gyara zuciya.

Ni kuma a ba ni shawara: da wane baki zan gaida Maman Ngozi? Ita ta miƙo mini shebur ta katanga na binne shi.