Uku ga Watan Huɗu

A tashar Birnin Kudu muna jiran motar Gwaram ta cika, sai wani dattijo daga cikinmu ya dubi wata mata mai jiran motar Kano, da kwamfuta a cinyarta.

"Malama, aiki har a tasha?"

"Gyara nake yi, Baba. Manhaja ce mai tura wa marasa lafiya ranar ganin likita. Tsarin Amurka take bi, tana sa wata kafin rana, mu kuwa rana muke fara karantawa."

Ya ciro wayarsa ya miƙa mata. "To karanta min wannan saƙon na asibiti."

"Uku, huɗu. Wato huɗu ga watan uku."

"Ɗana Saifullahi ya ce uku ga watan huɗu ne. A ranar muka kawo mahaifiyarsa tun daga Dingaya, can Gwaram. Likita ya ce mun makara da wata guda, ciwon ya ci jikinta."

"Yanzu yaya jikin nata?"

"Jiya aka yi addu'ar bakwai."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba, wannan saƙon, ni na rubuta manhajar da ta turo shi."

Ya karɓi wayarsa. "Kwananta ne ya ƙare, 'yata. Amma yaron ya daina cin abinci, yana cewa rashin iya karatunsa ne ya kashe ta."

"Wallahi ba laifinsa ba ne."

"Ba ni za ki faɗa wa ba."

Ta share ido, ta miƙe ta ce wa direban Gwaram ya ajiye mata kujera.